Tambayoyin Masu Karatu: Shugabancin Sandika Ba Albashi

A wannan fitowa wasiƙu uku muka zaɓa, dukkansu daga ma'aikatan gwamnati na jihar Maraɗi, kuma dukkansu a kan nauyin da mutum ke ɗauka idan abokan aikinsa suka ɗora shi kan shugabancin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ba tare da an yanka masa ko dala ba. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su da na wuraren aikinsu kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar firamare ne a wani ƙauye na gundumar Gidan Rumji. A taronmu na baya abokan aiki sun matsa mini in karɓi muƙamin magatakardan reshen sandikarmu, domin wanda ke riƙe da shi ya ce ya gaji. Aikin ba shi da albashi, man babur ma daga aljihuna zai fito, uwargidana tana tsoron kada a jefa ni wani ƙauye mai nisa saboda bakina, ni kuma na ga yadda aka riƙa zagin wanda zan gada ana cewa an saye shi. An ba ni zuwa taro na gaba in ba da amsa. In karɓa ko in ƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka karɓa, amma da sharaɗi, kuma ka faɗi sharaɗin a gaban taro, a rubuta shi cikin littafin reshe, kafin ka ce ka yarda.

Dalilin da ya sa na ce ka karɓa shi ne aikin da kansa. Mutane da yawa sun ɗauka magatakardan reshe mai jawabi ne ranar yajin aiki, alhali mafi yawan kwanakinsa a kan takardu suke ƙarewa. Malamin kwantiragi ne kuɗinsa na wata bai fito ba, ko takardar ƙarin girman wani ce ta maƙale shekara da shekaru, ko wata malama ce aka raba ta da garin da mijinta yake, ko abokin aiki ne ya rasu iyalinsa ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Kai ne za ka tattara waɗannan, ka kai wa sufeton makarantu, abin da ya fi ƙarfinsa ka biyo shi zuwa hukumar ilimi ta jiha a nan Maraɗi, abin da ya fi ƙarfin Maraɗi kuma ka tura wa shugabanninku na Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Shugabannin ƙasa ba su san abin da ke faruwa a ajin zana na wani ƙauyen Dakwaro ko Mayahi ba sai abin da rassa suka aika musu, kuma kundin koke-koken da ake miƙa wa hukuma ranar 1 ga Mayu daga irin waɗannan rahotanni ake haɗa shi. Idan reshe ya rasa mai rubutu, matsalar mutanensa ba ta shiga kundin, kuma babu wanda zai tuna da su a wurin tattaunawa.

Ka tuna kuma cewa wannan kujera tana da tarihi a ƙasar nan. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta UNTN da aka kafa a 1960, wadda ta koma USTN a 1978, ita ce ta haɗa kai da ƙungiyar ɗalibai ta USN bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, har matsin lambarsu ya kai ga buɗe Taron Ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991. Bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, ma'aikata suka shiga shekarun da ake bin gwamnati bashin albashi na watanni, mai gida ya wayi gari ba shi da abin sayen tiyar hatsi. Sunayen da aka ji a rediyo a lokacin na shugabannin Yamai ne, amma waɗanda suka riƙe rassa a Tasawa da Madarumfa da sauran gundumomi malamai ne da ma'aikatan jinya da akawuna irinka, masu zuwa taro bayan sun tashi daga aiki, su koma gida ba wanda ya ba su ladan komai.

Yanzu ga sharaɗin. Aikin sa kai yana nufin ba a biyan ka ladan lokacinka da wahalarka. Ba ya nufin ka ɗauki abincin 'ya'yanka ka zuba wa babur domin takardar wani. Ka nemi taro ya tsai da cewa duk tafiyar da aka aike ka, asusun reshe ne zai biya mai ko kuɗin mota, da kuɗin kwafin takardu da na waya, kai kuma ka kawo shaidar abin da ka kashe. Wannan magana tana da nauyi a bakin Bahaushe, domin muna jin kunyar ambaton kuɗi a cikin aikin taimako, sai dai na lura cewa kunyar nan ce ke kashe rassa. Mutum ya yi shekara biyu yana kashewa daga aljihunsa bai faɗa ba, bashi ya taru masa a wurin mai kanti, zuciyarsa ta cika da jin cewa an bar shi shi kaɗai, daga nan ko dai ya ajiye aikin cikin fushi, ko kuma ya fara karɓar ɗan abin da wani babba ya miƙo masa da sunan kuɗin mai. Mai yiwuwa wanda za ka gada ta wannan hanya ya gaji, kuma yana da kyau ka je ka same shi a gida ka tambaye shi, domin ya san abin da ba za a faɗa maka a taro ba.

Ka nemi kuma a bi wa'adin da dokar ƙungiyarku ta yanka, a sa ranar zaɓe na gaba tun yanzu, kuma a raba aiki tsakanin 'yan biro, wato kwamitin shugabannin reshe, da gaske. Reshen da mataimaki da ma'aji da mai kula da yaɗa labarai suna ne kawai a takarda, komai sai magatakarda, to duk ranar da magatakardan ya kwanta ciwo ko aka ɗauke shi, reshen ya mutu.

Tsoron uwargidanka yana da tushe, kuma ba zan ce maka doka ta rufe wannan ƙofa ba. Gaskiya ne Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1961, da mai lamba 98 a 1962, waɗanda suka tabbatar da 'yancin kafa ƙungiya da hana cutar da ma'aikaci saboda aikin ƙungiya. Gaskiya ne kuma dokar ma'aikatan gwamnati mai lamba 2007-26 ta ranar 23 ga Yuli 2007 ta amince wa ma'aikaci da shiga sandika. Amma takardar canjin wurin aiki ba ta taɓa cewa an ɗauke ka saboda bakinka, cewa take yi buƙatar aiki ce ta kawo haka. Zamanin ma ya sauya: tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da kundin tsarin mulki na 2010, kuma a watan Agusta 2025 hukumomi sun rusa wasu ƙungiyoyin ma'aikatan ɓangaren shari'a, har da ta alƙalai, SAMAN. Wanda zai karɓi shugabanci yau ya kamata ya karɓa idonsa a buɗe.

Abin da ke kare mutum a zahiri ƙananan abubuwa ne da suke hannunsa. Ajinka ya kasance ba abin zargi a cikinsa, ka riga kowa zuwa, littafin shirya darasinka a cike, domin wanda ke neman hanyar taɓa ɗan sandika ta aikinsa yake fara dubawa. Duk ranar da aikin ƙungiya zai fitar da kai daga makaranta, ka nemi izini a rubuce ka ajiye kwafi. Kada ka shiga ofishin wani shugaba kai kaɗai a kan maganar reshe, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu daga biro, ko da kuwa an ce kai kaɗai ake son gani. Ka yi magana da ladabi, ka gaida na gaba da kai yadda ya dace, amma abin da taro ya aike ka da shi ka faɗe shi dukkansa. Idan kuma kai ɗan kwantiragi ne ba a riga an tabbatar da kai ba, matsayinka ya fi rauni, kuma ya dace ka gaya wa taro haka, a duba ko akwai tabbataccen ma'aikaci da zai tsaya a gaba kai ka dafa masa.

Game da zargin an saye ka, ka sa a ranka cewa za a faɗa, domin babba juji ne. Sai dai zargin yana samun wurin zama ne a tsakanin lokacin da shugaba ya fito daga ofis da lokacin da ya gaya wa mutanensa abin da aka yi a ciki. Idan ka rage wannan tazara, ka rage zargin. Ranar da aka yi zama, a ranar ka aika saƙon murya ta WhatsApp ga dukan membobi: ga abin da muka nema, ga abin da aka amsa, ga abin da aka ƙi. Kada ka ƙawata sakamako don a yaba maka, kuma kada ka sa hannu kan wata yarjejeniya ko ka janye wani mataki sai ka koma wa waɗanda suka aike ka. Kai ɗan aike ne na taro, kuma waɗanda ke kiran ka kamarad suna da haƙƙin su ji daga bakinka kafin su ji a fada ko a kasuwa.

Ka zauna da uwargida ka karanta mata wannan amsa. Ita ce za ta riƙe gida ranakun da ba ka nan, ita ce za ta ɗaure kaya idan abin da take tsoro ya faru, saboda haka yardarta tana cikin sharuɗɗan.

Tambaya: Ni ungozoma ce a wata cibiyar lafiya cikin birnin Maraɗi, kuma ni ce ma'ajin reshenmu. Rabin membobi ba sa biyan kuɗin ƙungiya, suna cewa ba su ga abin da ake yi da shi ba. Magatakardanmu dattijo ne, sa'an mahaifina, Baba nake ce masa, yakan aiko a ba shi kuɗi ba takarda, ni kuma ina jin nauyin tambayarsa. Ga taro da ake sawa bayan magariba, abin da maigidana ba ya so. Ina tunanin in ajiye.

Amsa: Malama, kada ki ajiye tukuna, domin matsalolin nan biyu na farko matsala ɗaya ce, kuma maganinta yana hannun ma'aji. Membobi sun daina biya ne saboda ba su ga lissafi ba, lissafi kuma ba ya yiwuwa muddin kuɗi na fita ba takarda.

Ba lallai ne Baban naki yana cin kuɗin ba. Dattawa da yawa sun taso a zamanin da reshe ke tafiya bisa yarda da juna, kuma mai yiwuwa abin da yake karɓa bai kai abin da yake kashewa ba. Amma ranar da aka zo bincike, sunanki ne a kan littafin, ke za a tambaya. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ki ce masa: "Baba, ina tsoron ranar da za a tambaye ni in rasa abin nunawa, ka taimake ni mu riƙa rubutawa, don kare mutuncinka da nawa." Dattijon kirki ba zai ƙi wannan ba. Daga nan ki kai maganar gaban biro a matsayin ƙa'ida da ta hau kan kowa, ba tare da ambaton sunan kowa ba: kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, duk abin da aka saya a kawo rasit, inda ba a ba da rasit kamar kuɗin kabu-kabu a rubuta a littafi mai karɓa ya sa hannu, kuma abin da ya taru a kai shi banki ko asusun ajiya da sunan reshe maimakon ya kwana a jakarki. Idan dokarku ta tanadi masu binciken kuɗi, ke da kanki ki gayyace su, kada ki jira su zo.

Sannan ki fito da lissafin fili. A kowane taro ki karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, ki liƙa kwafi inda kowa zai gani. Ki nuna musu ƙarfin ɗan abin da suke rainawa: idan mutum 60 suka ba da dala ɗari-ɗari a wata, jika 30 ke nan, kuɗin da zai kai wakili inda ake buƙatarsa ya dawo da shi, ya kuma rage abin da za a kai wa abokiyar aiki da ta haihu ko aka yi wa rasuwa. Wannan batu yana damuna ƙwarai, domin ƙungiyar da membobinta ba sa ciyar da ita dole wani ya ciyar da ita. Maraɗi gari ne na masu hannu da shuni da masu son taimako, kuma ba wuya a samu wanda zai biya kujerun taro da ruwan sha, amma duk wanda ya saba biya wa reshe, ko ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa ko shugaban wurin aiki, wata rana za a ji nauyinsa a wurin da bai kamata a ji ba.

Lokacin taro kuwa ba wahayi ba ne, mutane ne suka sa shi, kuma a ɓangaren lafiya da mata ke da yawa bai dace a sa shi a lokacin da ya fi yi musu wuya ba. Ki nemi a mayar da shi bayan la'asar ko safiyar ranar hutu, a kuma yi la'akari da masu kwanan aiki. Matan ƙasar nan ba kyauta aka ba su kujera ba: ranar 13 ga Mayu 1991 suka fito kan titunan Yamai saboda an kusa mantawa da su a kwamitin shirya Taron Ƙasa, kuma ranar ce ta zama ranar matan Nijar. Idan kin ajiye saboda lokacin taro, wadda za ta zo bayanki za ta tarar da lokacin yana nan yadda yake.

Tambaya: Ni akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a Maraɗi. Shugaban reshenmu ya janye mu daga wani mataki da muka ɗauka ba tare da ya kira taro ba, bayan wata biyu kuma aka naɗa shi shugaban sashe, yana kuma riƙe da kujerar sandika har yanzu. Mu matasa muna son mu fice mu kafa tamu ƙungiyar. Me kuka gani?

Amsa: Malam, ɓacin ranku yana kan hanya, amma ficewa ba ita ce magani ba.

Ƙarin girma haƙƙin kowane ma'aikaci ne, kuma ba adalci ba ne a ce wanda ya yi wa ƙungiya hidima ya dawwama a inda yake. Ba ni da hujjar cewa naɗin nasa sakayya ce, ku ma ina jin ba ku da ita, saboda haka ku bar wannan zargi a gefe, ku riƙe abu biyu da suke a fili. Ya janye mataki ba da izinin taro ba, kuma yanzu shi ne mai sa hannu kan hutunku da rahoton aikinku, alhali shi ne kuma wanda za ku kai wa ƙara idan an zalunce ku. Mutum ɗaya ba ya zama a gefe biyu na teburin tattaunawa. Abin da ya dace da shi, don mutuncinsa ma, shi ne ya miƙa kujerar ga mataimakinsa ranar da ya karɓi takardar naɗi.

Rarrabuwa kuwa mun ga abin da take haifarwa. An kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta CNT a 1996, wata kuma, CDTN, ta fito daga cikin USTN a 2001, daga baya manyan ƙungiyoyi suka yi ta ƙaruwa har sai da aka shirya zaɓen tantance wakilci a 2019 don a san wa ke magana da yawun wa. Wasu rabuwar suna da dalilai masu ƙarfi, amma a matakin ofis guda, ƙungiya biyu na nufin idan ɗaya ta kira yajin aiki ɗayar ta zo aiki, mai ofis kuma ya zaɓi wadda zai saurara. Lokutan da muryar ma'aikata ta yi nauyi a ƙasar nan lokutan haɗin kai ne, kamar a 2009 da manyan ƙungiyoyin ƙwadago suka tsaya tare a kan ƙin Tazarce, wato yunƙurin shugaba Tandja na zarcewa kan mulki bayan wa'adinsa.

Ku nemi kwafin dokar ƙungiyarku da ƙa'idojinta na cikin gida, ku duba adadin membobin da ake buƙata don kiran taron gaggawa. Ku fara biyan duk kuɗin ƙungiya da ake bin ku, domin wanda bai biya ba ana iya hana shi ƙuri'a. Ku tattara sa hannu, ku rubuta wa biro takarda cikin ladabi, ku aika kwafi ga shugabannin ƙungiyar na jiha, ku roƙi su turo wakili ya jagoranci zaman. Kafin ranar, ku tura dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa ya same shi, ya ba shi damar sauka da kansa. Kuma ku je taron da sunan wanda ya yarda zai ɗauki kujerar daga cikinku, wanda ya riga ya san cewa ba albashi a cikinta, ya kuma amince a rubuce cewa shi ma zai sauka duk ranar da aka ba shi muƙamin shugabanci a ofis.